Takieta: Ciyawar Roba a Kan Laka, Ina Ruwan Sama Zai Bi?

Duk wanda ya taso daga Damagaram ya nufi yamma a kan babbar hanyar kwalta mai zuwa Maraɗi da Yamai, idan ya yi tafiyar kilomita kamar 50 zai iske kansa a mararrabar Takieta. Nan ne hanya take rabuwa biyu: ɗaya ta miƙe zuwa Tasawa, ɗaya kuma ta karya kudu, ta bi Kance da Matamai, ta tsallake iyaka, ta ratsa Daura har Kano. Garin da yake zaune a irin wannan wuri ba ya rasa ganin sabon abu, domin kaya masu yawa da suke fitowa daga kasuwannin Kano ta gabansa suke wucewa. Ga shi kuma tun shekarar 2011, da aka cire Takieta daga Mirya ta zama gunduma mai zaman kanta, ma'aikatan gwamnati suka ƙaru, gidajen sumunti suka shiga tsirowa a tsakanin na ƙasa.

Cikin kayan zamani da masu hali suka fara sha'awa akwai wata shimfiɗa koriya shar, wadda ake naɗewa kamar darduma, ana sayar da ita mita-mita. Ita ce ciyawar roba. Dalilin farin jininta a bayyane yake. A ƙasar da ake sayen ruwan sha da rani, wane ne zai iya shayar da ciyawar gaske safe da yamma? Ita kuwa wannan ba ta jin ƙishirwa, akuya ba ta cinta, ba a yi mata aski. To amma akwai tambaya ɗaya wadda mai saye ba kasafai yake yi ba, mai sayarwa kuma ba kasafai yake tuna masa ba: ranar da hadarin Agusta ya sauko, ina ruwan zai bi?

Haifaffiyar cikin ɗaki

Asalin wannan shimfiɗa Amurka ne. A shekarar 1965 aka buɗe wani katafaren filin wasa mai rufi a birnin Hustan na jihar Teksas, ana kiransa Astrodome. Da farko ciyawar gaske aka shuka a ciki, amma da aka shafa wa gilasan rufin fenti saboda hasken rana yana kashe wa ƴan wasa ido, sai ciyawar ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba wadda kamfanin Monsanto ya ƙera, daga nan ta sami sunan AstroTurf. Abin lura a nan shi ne, a ƙarƙashin rufi ta yi suna, inda ɗigon ruwan sama bai taɓa sauka ba. Da aka fito da ita sarari, sai da masu ƙira suka huhhuje bayanta da ƙananan kafofi, masu ginin filayen ƙwallo kuma suka koyi jera tsakuwa da tiyo a ƙarƙashinta tun kafin a baje ta.

Wato dai ciyawar roba ba ta shan ruwa, ba ta kuma riƙe shi. Tamkar rariyar tankaɗe take: abin da ya zubo mata daga sama, ƙasa take miƙa wa. Saboda haka maganar ba ta shimfiɗar ba ce, ta ƙasar da aka ɗora ta a kai ce.

Jigawa daban, laka daban

Manomin ƙasar Damagaram ba ya bukatar injiniya ya faɗa masa bambancin ƙasa. Ya san jigawa, mai rairayi, inda gero yake yi, ruwa kuma yake nutsewa kafin hadari ya washe. Ya san geza mai tauri, wadda take wahal da hauya. Ya san fako, inda ruwa yake gudu a sama ba ya shiga. Ya kuma san fadama da bakin tafki, inda laka take, wadda take tsattsagewa da rani, ta kumbura ta liƙe da damina. Yawancin ƙasar Takieta jigawa ce, amma ba duka ba. Gari idan yana faɗaɗa, sababbin filayen da ake yankawa sukan gangara wurare masu kwari, waɗanda mutanen da suka guje wa. Akan kuma sami gidan da samansa rairayi ne, amma ana haƙa kamu biyu sai a tarar da laka. Akwai ma filin da asalinsa kududdufi ne, inda aka ɗebi ƙasar gini shekara da shekaru, daga baya aka cike shi aka sayar.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A ƙididdigar da hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya take koya wa masu aikin ban-ruwa, ƙasa mai rairayi tana iya shanye milimita 20 zuwa 30 na ruwa a awa ɗaya, alhali laka ba ta wuce milimita 1 zuwa 5.

Lissafin ɗan kasuwa

Bari a buga lissafin yadda ɗan kasuwa zai gane. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. A ɗauki tsakar gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 5,000 ne suka sauka a wurin, wato ganga 25 irin mai cin lita 200. Idan rufin ɗakunan gidan ya kai murabba'in mita 80, kuma duk cikin gida yake zubarwa, an ƙara lita 4,000, ganga 20. Jimla ganga 45 a dare ɗaya.

A kan jigawa, cikin awa uku ko huɗu ƙasa ta shanye wannan duka. A kan lakar da take shan milimita 2 a awa kuwa, sai an yi awa 45, kusan kwana biyu cur. Ruwan da yankin yake samu a shekara bai fi milimita 400 da ƴan kai ba a bisa matsakaicin lissafi, amma kusan dukkansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Kafin na jiya ya tsane, na gobe ya iso.

A tsakar gidan da babu shimfiɗa, mai gida yana ganin inda ruwa ya kwanta, ya sa yara su share shi zuwa rariya, rana da iska su busar da saura. Amma idan an lulluɓe wurin da ciyawar roba, ruwan ɓoyewa yake yi. Sama kore shar, ƙasa taɓo. Mutum ya taka ya ji tana lumewa, ruwa yana ɓulɓulowa tsakanin yatsunsa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ɓarnar ruwan kwance

Ɓarna ta farko a jikin gini take. Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa: danshi ya hau ta, tubali ya yi laushi, nauyin sama ya danne na ƙasa, wata rana cikin dare a ji rugum. Gidan bulo ma bai tsira ba, domin laka idan ta sha ruwa ta kumbura tana tura harsashi, idan ta bushe ta janye jiki ta bar shi a rataye, sai a ga bango ya tsage daga kusurwar taga. Mutanen wannan jaha ba su manta da daminar 2024 ba. A ranar 3 ga Satumba ta shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. A faɗin ƙasa kuwa, alƙaluman hukuma sun nuna kusan mutum 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliyar ta shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Babu ruwan ciyawar roba da wannan musiba. Darasin da ke ciki shi ne, duk abin da zai tsare ruwa a gindin bango ba abin wasa ba ne a ƙasar nan.

Ɓarna ta biyu lafiya ce. Sauron da yake kawo zazzaɓin cizon sauro a ruwan kwance yake ƙwai, kuma da zafin damina kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwan ya zama sauro mai tashi. Duk lotsawar da ta riƙe ruwa a gefen shimfiɗa ko a bakin rariya gidan haya ne gare shi. Ga kuma wari, musamman a gidan da ake ɗaure tumaki ko ake kiwon kaji, inda fitsari da kashi suke shiga ƙarƙashi su kasa fita.

Ta uku ita ce dukiya. Laka mai motsi ba ta barin shimfiɗa ta kwanta daidai. Damina biyu ko uku sai ka ga tudu da kwari, haɗin da aka liƙe da gam ya buɗe, gefe ya tashi. Abin da masu ƙera shi suke cewa yana kai shekara goma ko fiye, sai a naɗe shi a jefa bayan ɗaki tun bai ci rabin kuɗinsa ba.

Ta huɗu zumunci ne. Ruwan da ya rasa hanya a gidan wane, ta ƙarƙashin katanga yake ratsawa zuwa gidan wane. Addini ya hana cutar da maƙwabci. Dokar zaman jama'a ta Faransa ta 1804, wadda Nijar ta gaji tsarinta, ita ma a sashenta na 681 ta wajabta wa mai gini ya tsara rufinsa yadda ruwan sama zai zuba a filinsa ko a hanyar jama'a, ba a filin maƙwabci ba. Ƙara nawa ake kaiwa gaban mai unguwa kowace damina a kan indararo da rariya?

Abin da magina suka sani tun da

Maginan gargajiya na Damagaram, waɗanda suka tayar da soraye masu zane a Birni da Zango, sun daɗe da sanin cewa ba a faɗa da ruwa, hanya ake ba shi. Shi ya sa suke sa indararo mai tsawo don ya jefa ruwan soro nesa da bango. Shi ya sa daɓen ɗaki yake ɗara tsakar gida tudu, tsakar gida kuma take ɗara titi. Shi ya sa ake huda rariya a gindin katanga ta wajen da ya fi gangara, ana ɗaure gindin bango da dakali, ana sabunta yaɓe kafin ruwan farko. Mai son ciyawar roba ba sabon ilimi ake nema daga gare shi ba. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce ake so ya kiyaye, ya ƙara mata tsakuwa da tiyo.

Aikin da ido ba ya gani

Mataki na farko gwaji ne, kuma kyauta ne. A haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 40 a wuri biyu ko uku cikin gida, a cika shi da ruwa, a bari ya shanye, a sake cikawa. Idan cikawa ta biyu ta ƙafe cikin awa biyu ko uku, ƙasar mai sha ce. Idan aka kwana aka tashi ruwa yana nan, laka ce, sai a yi mata shirin laka. Wanda ya sayi sabon fili kuwa, ya fi masa alheri ya bar damina ɗaya ta wuce yana kallon inda ruwa yake taruwa da inda yake fita.

Na biyu gangara. A kwashe ƙasar sama kamar santimita 15, a daidaita gindin wurin ya riƙa sauka santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa mafita. A tsakar gida mai mita 10, bambancin zai kai santimita 10 zuwa 20. Ba da ido ake auna wannan ba. Kowane magini yana da siririn tiyon nan mai ruwa a ciki wanda ake daidaita gini da shi, sai a sa shi ya yi amfani da shi a gaban mai gida.

Na uku magudanar ƙarƙashin ƙasa. Ta wajen gangaren a haƙa lambatu mai zurfin santimita 30 zuwa 40, a shimfiɗa tsakuwa, a kwantar da tiyon roba mai faɗin santimita 10 wanda aka huhhuje, kafofin suna kallon ƙasa, shi ma yana sauka santimita ɗaya a kowace mita, sa'an nan a rufe shi da tsakuwa. Masu jin Ingilishi suna kiran wannan dabara da sunan French, har wasu suna zaton daga Faransa ta fito, alhali sunan wani Ba'amurke ne, Henry French, wanda ya bayyana ta a littafinsa na 1859 a kan tsane ruwan gonaki. Yana da kyau a bar wa tiyon baki ɗaya a sama mai murfi, don a riƙa zuba ruwa ana wanke yashin da ya shiga.

Na huɗu shimfiɗar tsakuwa. Kafin a zuba ta, a baje ƙyallen nan mai ƙarfi da ake kira jiyotekistil, wanda ruwa yake ratsawa amma laka ba ta ratsa shi. In babu shi, sannu a hankali laka za ta haɗiye tsakuwar. Kada a kuskura a sa leda a madadinsa, domin leda tafki za ta yi. A kan ƙyallen a zuba tsakuwar fasasshen dutse kaurin santimita 10, a daddaɓe ta, a bi da ƙananan tsakuwa santimita 2 ko 3 don wurin ya yi sumul, kafin a baje ciyawar. Damagaram ƙasar duwatsu ce, irin wannan tsakuwa ba ta wuyar samu. Abin gudu shi ne burji mai jar ƙasa da yawa: yana da kyau ga hanyar mota, amma idan an danne shi ruwa ba ya ratsa shi sosai.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, su zuba tsakuwa su ce an gama. Sararin da ke tsakanin tsakuwa bai fi kashi ɗaya cikin uku na yawanta ba. Ke nan kaurin santimita 10 a tsakar gidan da aka yi misali da ita lita 3,000 kawai zai ɗauka, alhali 9,000 ne suka zubo. Ramin da aka haƙa cikin laka aka cika da tsakuwa ba tare da mafita ba, ƙwarya ce aka binne.

Na biyar, kada ciyawa ta taɓa bango. A bar tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya, a yi dakalin sumunti mai gangarowa waje.

Daga tiyo sai ina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya a garin da ba kowace unguwa ce take da magudanar hukuma ba. Idan gida ya fi titi tudu, tiyon ya fita ta rariya, shi ke nan. Idan kuwa titi ya fi gida tudu, haƙa ba ta da amfani, ciko ake yi a ɗaga tsakar gida, muddin ba za ta fi daɓen ɗakuna tudu ba. Wasu sukan haƙa ramin tsotse ruwa su cika shi da duwatsu. Wannan yana aiki ne kawai idan ramin ya huda lakar ya kai ga rairayi. Kuma dole ya nisanci bango da aƙalla mita 5, ya nisanci rijiya, kada kuma a haɗa shi da shadda.

Hanya mafi riba ita ce a rage ruwan tun daga sama. Ganga 20 ɗin nan na rufi, idan aka sa wa kwano makwarara aka tara su a ganguna ko a kwandon sumunti mai murfi, sun zama ruwan wanki da na dabbobi, kuma an sauke wa tsakar gida kusan rabin nauyinta. Abin da ya ragu ana iya karkata shi gindin dogon yaro ko mangwaro, amma a nisanta tiyo da saiwa, don saiwa tana bin danshi ta toshe kafofi.

Ma'aikatar magajin gari ita ma tana da nata rabon. Mai yanka filaye ya kamata ya san inda ruwa yake bi kafin ya kafa turaku, hanyar ruwa kuma a bar ta a matsayin hanyar ruwa. Dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tana nan tun 2014, amma har yau leda ce take toshe rariya da lambatu.

Kafin a zaro kuɗi

Akwai sauran abu biyu da mai saye zai sani. Ciyawar roba tana ɗaukar zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake wuce 40 a inuwa, samanta a tsakar rana yana iya wuce 60, abin da zai ƙona tafin ƙafar yaro. Inuwar itace ko rumfa ce maganin wannan. Sa'an nan ƙurar hunturu da yashin da iska take kawowa suna cika kafofinta, don haka sai an bi ta da tsintsiya mai ƙarfi kafin kowace damina.

Ma'aikacin da yake zaune a gidan haya, wanda takardar canjin wurin aiki za ta iya iske shi kowane lokaci, ba shi da dalilin haƙa gidan wani. Ya sayi ɗan yanki daidai wurin zama, ya shimfiɗa a kan daɓen sumunti ƙarƙashin rumfa, ya naɗe idan hadari ya haɗo. Ɗan kasuwar da yake sayar da ita kuwa, idan ya tambayi mai saye irin ƙasar gidansa ya kuma gaya masa gaskiya, zai yiwu ya rasa cinikin yau, amma ya tsare sunansa a garin da kowa ya san kowa. Shi kuma mai gida, idan kuɗinsa ba su isa aikin sama da na ƙasa gaba ɗaya ba, ya fara da na ƙasa. Tsakar gida mai gangara da tsakuwa da rariya a buɗe tana da amfani ko babu ciyawa. Ciyawa a kan laka ba tare da su ba kuwa, asara ce mai jiran watan Agusta.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Watannin rani ne lokacin wannan aiki, ba ranar da ruwa ya kai bakin ƙofa ba. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye gidaje da masu gidaje.